Buji Shida Irin Na Manya

Maraɗi, unguwar Sabon Gari
Ƙarshen damina, 1953

Zuwa ga taubashina Maman Lawali, a Fagge, birnin Kano.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Matata Tasalla tana gaishe ka, yara ma haka. Shekaranjiya na je Tsibiri na duba Inna Atika, mahaifiyarka. Ƙafar ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida da sanda. Ta ce in gaya maka ɗakinta ya yi yoyo duk daminar nan, kuma ta manta kamannin fuskarka, sai dai ta ji 'yan tasha suna cewa ka yi ƙiba. Malam Abdulmutallib da ke rubuta mani wannan takarda shi ma yana gaisuwa. Ya tsufa, hannunsa na rawa, amma gara shi da in bar yaran lakwal, 'yan boko, su san cikina.

An ce har yanzu kana kantin Kwaran nan, Balarabe mai kayan mota, kana share masa kanta. Allah ya ba da sa'a. Kakana Rabo da kakarka Uwani ciki ɗaya suka fito, saboda haka ko Ingilishi sun ba ka kujera, ni dai ina da ikon in aike ka.

Labarin da zan ba ka, ka zauna da kyau kafin ka karanta, kada baƙin ciki ya kayar da kai. Baturiya, Bahaushiyar nan ta Jiratawa mai sayen gyaɗa, ta ba ni jigilar kayanta na bana gaba ɗaya, daga rumbunanta har bakin sikeli a Maraɗi. Ba ta ba Dogo ba, duk da motocinsa biyu. Ta ce ni ta sani, kuma ta san ubana. In kakar nan ta tafi daidai na mai da abin da na zuba a motar nan, masu cewa na haukace da na sayar da fadamar kaka na sayi tsohon ƙarfe kuma su nemi wani zancen.

Motar tana nan ƙalau. Kwana biyun nan na jingine ta ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gida tana hutawa, don aikin da ke gabanta ba kaɗan ba ne.

Dogo kuwa abin ya tsaya masa a wuya. Ya ɗinka wata shuɗiyar riga mai aiki har ƙasa, kullum yana tasha yana baza hannu, yana shiga kantin kamfani yana fita kamar gidan ubansa, don akawun wurin abokinsa ne. In na gan shi abinci ba ya yi mani daɗi. Ni so nake ranar da kwamanda, Baturen mulki, zai buɗe cinikin gyaɗa in fito gabansa, duk Maraɗi ta gani. Shi ya sa na tuna da kai. Ka samo mani buji shida, irin na manya, masu ƙarfi, waɗanda ba su yin baƙi da wuri. Na kamfani nan ba su sayuwa. Baturen ya ce ba ya sayar da su su kaɗai, sai mutum ya ɗauki kayan duka, sama da ƙasa, kuma kuɗin da ya faɗa ko shanu biyu ba su biya. Kai kuwa kana tsakiyar kasuwa, an ce a Kano abin banza ne. Ka ba Idirisa shofer, mai kawo maka wannan, in zai juyo. Da gyaɗa ta fara shiga zan aiko maka da kuɗinka.

Kada ka gaya wa kowa cikin mutanenmu da ke can. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne naka,
Gado

*

Maraɗi
Bayan an fara cirar gyaɗa

Zuwa ga Maman Lawali.

Bayan gaisuwa, muna lafiya, sai ƙaramar yarinyar da ta yi zazzaɓi, ta kuma warke.

Idirisa ya je Kano ya dawo har sau biyu hannu wofi. Ya ce kullum in ya biya sai ka ce masa ana kan aiki. Wane aiki kuma? Abin da za ka miƙa hannu ka ɗauko? Ko kuwa tun da ka ji Baturiya ta ba ni kayanta hannun naka ya yi nauyi?

Jiya ta zo da kanta daga Jiratawa. Ta zagaya motar, ta bubbuga ƙofa, ta ce tana son ta ji kukanta da kunnenta kafin ranar buɗe ciniki. Na ce mata ba ni tayar da ita sai kayana sun iso daga Kano. Ta dube ni ta ce to, amma Dogo yana aiko mata da goro duk ranar kasuwa. Ka ji halin da ka sa ni. Don girman zumunci ka hanzarta.

Gado

*

Fagge, Kano
Ranar Lahadi

Zuwa ga taubashina Gado, mai lori, mai Baturiya, mai Maraɗi da kewaye.

Na samu takardunka biyu, na kuma ji lafiyarku, na gode Allah. Ka gai da Tasalla, ka shafa mani kan yarinyar da ta yi ciwo. In ka je Tsibiri ka ce wa Inna ƙibar da ake faɗa ƙarya ce, rigar ce mai faɗi.

Ga saƙonka nan na ɗaure na ba Idirisa direba tare da wannan takarda. Buje shida, irin na manya, kamar yadda ka ce.

Gado, ni da kai ba ma ɓoye wa juna magana. Ranar da na karanta takardarka ta fari ban ci abincin rana ba. Na maimaita layin nan ya fi a ƙirga. Buje, wandon da turmi guda ba ya isarsa, wanda a nan Kano sai hakimi ko attajirin da ya gaji arziki yake sa shi ranar Juma'a, shi ne kai Gado kake so har shida a tashi ɗaya. Kai da muka yi kiwon awaki tare a bakin Gulbi da walki ɗaya, in ka sa yau in sa gobe. Ko mai gidana Kwara, da kantinsa da komai, wandonsa biyu ne, na san su kamar tafin hannuna.

Kuma ka sa a rubuta mani wai a Kano abin banza ne. Wa ya gaya maka? Na shiga kasuwar Kurmi na taya, maɗinki ya dubi takalmina kafin ya amsa mani. Ya ce wa zai sa. Na ce ɗan'uwana ne a ƙasar Faransi. Ya ce lalle ƙasar Faransi ta yi albarka.

Ta yi albarka mana. Fadamar da ka sayar ka sayi lorin nan, kakata Uwani ma a cikinta aka haife ta. Da aka zo rabo aka ba ta wani tsandauri can wajen hanyar Tsibiri wanda ko ƙaya ba ta son fitowa, aka ce haka ya kama. Ban ce an yi zalunci ba, malamai ne suka raba. Amma in ina ɗaukar akwatunan Kwara a kaina daga tashar jirgi, ina tunawa da kai zaune a gaban mota, hannu ɗaya a waje, ba na jin daɗi. Ga gaskiya nan na faɗa maka.

Da farko na yi niyyar in ce ban samu ba. Sai na ce a'a, kada Gado ya zauna a tasha yana cewa ɗan Atika ya yi shekaru a Kano ko wando bai iya saye ba. Abin da na tara don in zo gida bayan kaka in rufe wa Inna ɗaki, shi na kwasa na kai wa maɗinki. Na ce ya zaɓi saƙi mai kauri, tun da ka ce masu ƙarfi, ya kuma guji fari tas, tun da ba ka son masu yin baƙi da wuri. Aikin bakin ƙafa na alharini ne, da hannu aka yi, shi ya ci kwanakin da kake ta ƙorafi a kai. Wai ba ka tayar da mota sai kayanka sun iso. Ko amarya ba ta yi wannan yanga ba.

Akwai wani mai ruwan ƙasa a ciki, da jan aiki. Shi na gwada a ɗakina da aka kawo, na rufe ƙofa na zauna a cikinsa tun azahar har la'asar. Ya yi mani kyau ƙwarai. In ka ga ya ɗan yamutse, dalilin ke nan.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne Baturen kamfaninku da ya fara sayar da buje, har da riga da hula, sama da ƙasa. Mu namu Turawan ba su kai nan ba tukuna.

Ka sa lafiya, ka fito gaban Dogo. In an tambaye ka inda suka fito, ka faɗi sunana.

Naka,
Maman Lawali

*

Maraɗi
Bayan buɗe ciniki

Maman Lawali.

Malam ya ce ba a fara takarda sai da gaisuwa, to na gaishe ka. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Allah ya isa tsakanina da kai. Na ce Malam ya rubuta haka, ya ce in sake tunani, na ce ya rubuta.

Bari in gaya maka abin da ka yi, ko da yake na san ka sani. Ranar Juma'a, ranar kasuwa, Idirisa ya shigo tasha. Ni kuwa tun da safe na gaya wa kowa yau kayan motata za su iso daga Kano, kamfani su riƙe nasu su dafa su ci. Na aika aka kira Baturiya daga rumfar masu awo don ta gani da idonta. Dogo ma ya zo ya tsaya, da rigar nan tasa. Da Idirisa ya sauko da ƙunshin na ga girmansa, sai na ce a raina Lawali ɗan halak ne, ya haɗo har da wasu kayan. Takardarka na sa a aljihu, don ba mai karanta mani a wurin. Na yanke igiya a gaban mutane.

Na ɗaga na fari, yana ta warwaruwa kamar ba ya ƙarewa. Sai Dogo ya matso ya kama ƙafar wandon ya duba aikin, ya ce, "Gado, wanga a wane wuri na mota a ka ɗaura shi?"

Har masu talla sai da suka aje faranti don dariya. Baturiya ba ta yi dariya ba. Ta ƙirga su da ido, ta ce, "Ashe nan kuɗɗin gyaran mota sunka tahi. To ni gyaɗata ba cikin wando za a kai ta sikeli ba." Ta juya ta ce wa Dogo ya turo motarsa Jiratawa da sassafe. Na bi ta ina rantsuwa, ta ce ta san ubana, kuma ubana bai taɓa sa irin wannan ba.

Yanzu tun da ka riga ka tsiraita ni, sai ka ji sauran. Motar ba hutawa take ba. Ta mutu tun tsakiyar damina. Buji ne suka ƙone, ƙarfen nan mai farin kai kamar tangaran da ake ɗaurawa a kan inji yana ba da wuta. Makanisiye, mai gyaran mota, ya kankare su ya sake kankarewa har ba sauran abin kankara. Na je kamfani ba sau ɗaya ba. Baturen ya ce ba a ba da buji shi kaɗai, sai da wayoyinsa da akwatin raba wuta gaba ɗaya, kuma sai an jawo motar garejinsu su ɗaura da hannunsu, in biya aikin daban. Na ce wayoyina lafiyarsu lau. Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce ma babu su a ƙasa, sai an rubuta Faransa jirgin ruwa ya kawo, in biya yanzu in jira har bazara. Akawun ya raka ni ƙofa yana cewa mota ba abin talaka ba ce. Abu ɗan kamar yatsa, Lawali. Ba wani kanti a garin nan da ke da shi, su kaɗai ne, shi ya sa suke yanka mu yadda suka ga dama. Amma in Dogo ne, sai a shiga da shi ta baya, ya fito da abu a aljihu.

Kai kuwa cikin kayan nan kake kwana kake tashi. Kada ka ce mani ba ka san buji ba. Da Malam ya karanta mani takardarka na ji zancen fadama, sai na gane. Shekaru kana riƙe da abin nan a ciki, ka samu ranar da za ka rama, ka kuwa rama da kyau. Har da gwada wando, har da in faɗi sunanka. Na faɗa, kowa ya ji.

Na kai su kasuwa in sayar ko na rage asara, ba wanda ya taya. Duk mai kuɗin sayen irinsu ya ji labari, ba mai son a ce ya sa wandon Gado. Yara a unguwa sun fara kirana Gado Buje. Tasalla ta zuba su a adaka ta ce kada in ƙara fito da su.

Motocin Dogo suna wucewa ta ƙofar gidana, safe da yamma, shaƙe da buhunan Baturiya. Akwai wata hanyar, amma ta nan yake bi.

Gado

*

Fagge, Kano
Bayan Mauludi da kwanaki

Zuwa ga ɗan'uwana Gado.

Ina gaishe ka, ina gai da Tasalla da yara, ina fata wannan ta same ku lafiya. Ni ma lafiya, sai ciwon baya na ɗaukar kaya.

Takardarka ta daɗe a wurina ban amsa ba, kuma ba don ban samu mai zuwa ba. Idirisa ya biyo, na ce masa ba ni da saƙo. Fushi nake. Na kwashe abin da na mallaka na yi maka hidima, ka saka mani da Allah ya isa.

Wallahi, Gado, ban taɓa jin kalmar buji ba sai a takardarka. Abin da ka kwatanta, mai farin kai, mu a nan fulogi muke ce masa. Ku kuka ɗauki bakin Faransi, mu muka ɗauki na Ingilishi, ga inda ya kai mu. Akwai kwalinsu guda a ƙarƙashin bencin da nake zama in ci abinci. Ranar da nake zaune ina ƙunar rai a kan wandunanka, dugadugina yana taɓa kwalin. Guda shida ba su kai kuɗin alharinin ƙafa ɗaya ba.

Na ɗauko takardarka ta fari na kai ta hasken rana. Ka san a ajami tsakanin ji da je ba wani abu sai ɗan abin da ke ƙarƙashin harafi, in karan wasali ne a ce ji, in ɗigo ne a ce je. Abin da Malam Abdulmutallib ya yi ya fi ɗigo tsawo, bai kai kara ba. Na nuna wa wani malami maƙwabcina, ya ce shi ba ya rantsuwa a kai. Amma ni ba zan ɗora wa tsoho ba. Da wani ne ya aiko mani, da na tsaya na ce me mai mota zai yi da buje shida ana gab da kaka, da na tambayi Idirisa, yana tsaye a gabana. Da yake kai ne, ban tambaya ba. Na riga na yarda ka yi kuɗin da za ka yi haka, kuma na riga na ji haushi.

Sai dai kai ma ka ɗauki naka. Me ya hana ka ce motata ta mutu, taimake ni? Kalma biyar. Ka tsaya kana gaya mani tana hutawa a ƙarƙashin bedi, kana ba ni labarin rigar Dogo. Ka fi son ka rasa kaka guda da in san kana cikin wahala.

Akwai abin da ban so in rubuta ba, amma tun da an fara. Da na kai wurin da ka ce motar ta mutu tun tsakiyar damina, sai na ji wani sanyi ya sauka a raina. Na ji daɗi, Gado. Bai daɗe ba, amma na ji. Kwanakin da na yi ban amsa ba, rabi fushi ne, rabi kuwa wannan ne. Jiya da na ga wata lorin gyaɗa ta mutu a hanyar tashar jirgi, mai ita yana zaune a kan taya ya dafe kai, shi ne na kasa zama, na je na roƙi Kwara.

Ga fulogi shida nan a cikin gwangwanin shayi, na naɗe kowanne da tsumma. Idirisa ya faɗa mani irin motarka, na kuma sa makanike ya duba, ya ce su ne. Ba na son kuɗinsu, na wanduna ma ka bar shi. Ciniki bai rufe ba tukuna, in ka tashe ta yanzu ba za ka rasa masu ƙananan kaya a ƙauyuka ba, baɗi kuma Baturiya ta dawo da kanta.

Ka janye Allah ya isan nan. Ba na iya barci da ita.

Naka,
Maman Lawali

*

Maraɗi
Ranar Litinin

Zuwa ga ɗan'uwana Maman Lawali.

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Tasalla tana gaishe ka. Na janye maganar da na yi, Malam shaida ne, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Da ya karanta zancen ɗigo ya ce shi ma bai san abin da yake rubutawa ba ranar, ya dai rubuta abin da kunnensa ya ji.

Gwangwaninka ya iso ranar Juma'a. Motar kuwa na sayar da ita ranar Litinin ɗin da ta wuce.

Na jira amsarka har na daina zuwa tasha. Gida ba hatsi, don bana ban yi noma ba, ga masu karɓar lanho, wato haraji, suna zuwa ƙofa. Ba wanda ke sayen matacciyar mota a garin nan sai mai irinta. Dogo ya aiko. Ba don ya hau yake so ba, ya ce shi ma kamfani sun ishe shi, abokin nasa akawu an mai da shi Zinder, yanzu kuɗin da suke faɗa mani shi suke faɗa masa. So yake ya farke ta ya riƙa ciyar da nasa biyun da kayanta, yau taya, gobe fitila. Abin da ya ba ni ko kuɗin tayoyin bai kai ba. Shanu aka ɗaura mata suka ja ta zuwa gidansa, ni ban fito ba sai da suka sha kwana.

Da gwangwanin ya zo na buɗe na gan su farare, sababbi, na rasa abin da zan yi da su. Tasalla ta ce in ɓoye, ko in jefa a rijiya, kada Dogo ya ci wannan ribar ma. Ni ma haka na ce. Na sa su a aljihu na fita ban san inda za ni ba, sai ga ni a ƙofar gidan Dogo. Na iske sun cire mata ƙofa ɗaya sun jingine a bango, sun ɗaga gabanta a kan turmi za su kwance taya. Kujerar da nake zama akuya ce a kai.

Na ce wa Dogo ya mai da mani ita in mai da masa kuɗinsa, in cika daga baya. Ya ce mi ya faru. Ni kuma wauta ta sa na nuna masa gwangwanin. Ya juya ɗaya a hannu, ya yi murmushi, ya ce, "Matatta ni saya, Gado. In rayayya ka ke so, kuɗɗin rayayya daban ne."

Da na tafi da abina, da kafin sati ba sauran abin da za a kira mota a wurin. Ban iya ba. Na ce su sauke ta daga turmin. Na ɗaura bujin da hannuna, aka zuba mata isansi, man mota ke nan, na kama ƙarfen gaba na murɗa. Murɗa ta biyu ta kama. Lawali, ko ranar da na saye ta ba ta yi irin wannan kuka ba. Na tsaya riƙe da ƙarfen ina jin ta, hawaye na zuba, mutanen Dogo suna tafi.

Ya ce ba za a farke ta ba, motocinsa sun zama uku. Ya ce kuma ba wanda ya san halinta kamata, in ina so in riƙa tuƙa masa, a biya ni a wata. Na ce zan yi shawara. Shawarar ba ta wuce ƙofar gida ba, don na iske yara suna jiran abin da na kawo. Jiya na yi tafiyar fari, Jiratawa na je na ɗauko sauran gyaɗar Baturiya. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi yara, kuɗin kuma ta ce za ta aika wa mai mota.

Saura magana ɗaya. Dogo ya tambaye ni nawa ka sayi bujin, na faɗa masa abin da ka rubuta, ya sa na maimaita. Ya ce duk wanda ke iya samo kayan nan da arha haka mutumin riƙewa ne. Yana son ka riƙa aiko masa da kaya daga Kano da lada mai kyau, in abin ya kankama kuma ya buɗe kanti a bakin tasha ya sa ka a ciki, duk masu mota na Maraɗi su bar kamfani su dawo wurinka. Ya ce cikin shekara biyu sai ka yi motar kanka. Na san Dogo, in ya faɗi irin wannan yana yi.

Ya ce in tambaye ka. Na kwana biyu ina cewa ba zan sa a rubuta ba, in ce masa ka ƙi. To, ga shi na tambaya. Ka karɓa, alheri ne, ka sha wahala a Kano. Amma in ka yarda, ka aika masa da amsar kai tsaye, kada ta biyo ta hannuna.

Allah ya sa mu gana da alheri.

Ni ne naka,
Gado